Jirgin Iska Mai Ƙafa 40: Yadda Sabon Matuƙi Zai Kai Ga Tsallaka Teku

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Ku dubi jiragen iskan nan biyu, wato jiragen ruwa da iska ke turawa. Na hagu tsawonsa ƙafa 25, nauyinsa kamar tan 2. Na dama ƙafa 40, amma ya kai tan 8 ko fiye. Tsawon bai ko ninka ba, nauyi kuwa ya ninka wajen sau huɗu. Duk mai burin tsallaka teku da jirgin iska, alhali bai jima da fara tuƙi ba, da wannan nauyin zai fara kokawa tun bai bar tasha ba.

Ƙaramin jirgi in ya nufi bakin tasha, sai ka sa ƙafa ka tokare shi. Babba kuwa kada ka kuskura, ƙafar ce za ta karye. Ba shi da birki. Ka sassauta inji, shi yana ta tafiyarsa. Ka sa giyar baya, farfela ta ja bayan jirgin gefe guda, ga iska kuma tana karkatar da goshinsa. Shi ya sa sabon matuƙi ya fi jin jiki a cikin tasha da kusa da gaɓa, inda ga duwatsu, ga jiragen mutane masu tsada. Ka samu ranar da iska ta lafa, kai da wanda ya ƙware, ku yi ta shiga da fita har hannu ya faɗa.

Sai filafilai, manyan ƙyallayen nan da ke kama iska. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take danna filafili da shi ninkawa yake yi sau huɗu. Igiyar da kake riƙewa da hannu ɗaya a ƙaramin jirgi, a nan sai an naɗa ta a jikin na'urar ja, kuma in yatsa ya shiga tsakani, sai dai wani ba shi ba. Don haka tsofaffin matuƙa suke rage filafili da wuri: da zarar ranka ya raya maka a rage, lokacin ya yi. Kada kuma ka manta da sandar nan da ke kwance a ƙasan babban filafili. In iska na bayanka, ka ɗan kauce hanya, tana iya wulgowa daga gefe zuwa gefe da ƙarfin da zai kashe mutum. Ana ɗaure ta da igiya ta musamman saboda haka.

Wani abin mamaki, babban jirgi ɓoye maka kuskurenka yake yi, saboda yana da nawar amsawa. Ƙarami kuwa nan take zai karkace, ko ma ya kifar da kai. A ganina, wanda ya fara koyon iska a ƙaramin jirgi ya fi saurin gane babba.

Batun takardu fa? Hukumar RYA ta Birtaniya, mai horar da matuƙan jiragen ruwa, tana da matakai. Competent Crew kwana 5 ne, ka koyi aikin ma'aikacin jirgi. Day Skipper ya koya maka jan ragamar jirgi da rana a ruwan da ka sani. Kafin ka zauna jarrabawar Yachtmaster Offshore kuwa, sai ka tara kwana 50 a teku da mil 2,500. A Amurka, ƙungiyar horar da matuƙa ta ASA na da irin wannan tsari. Takarda na da amfani, amma ba ta koya maka abin da dare ke koyarwa.

Dare shi ne ainihin jarrabawar. Ƙarfe 3 na dare, kai kaɗai ne a farke, ruwa ya jiƙa ka, cikinka na juyawa, ga fitilar wani ƙaton jirgin dakon kaya ta ɓullo can nesa. Dole ka gane inda ya dosa daga launin fitilunsa, ja a hagunsa, kore a damansa, ka duba na'urar AIS mai nuna inda sauran jirage suke da inda suka dosa, in ta kama ka kira shi ta rediyon VHF a tasha ta 16. Duk wannan kana ɗaure da jirgi ta ɗamarar tsaro, domin wanda ya faɗa ruwa cikin duhu, da ƙyar ake gano shi.

Hanya mafi sauƙin ɗanɗana wannan ita ce ka bi jirgin wani. Tun 1986 ake yin gangamin ARC na tsallaka tekun Atlantika duk watan Nuwamba, yanzu daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa tsibirin Sant Lushiya a yankin Karibiyan, kimanin mil 2,700 na teku, tafiyar kusan mako uku. Ana tashi ne a lokacin saboda kakar guguwa ta zo ƙarshe, kuma iskar gabas mai ɗorewa tana turo jirgi daga baya. Masu jirage da dama kan nemi ƙarin hannu.

Sannan ka koyi gyara, don babu makanike a tsakiyar Atlantika. Canza matatar man dizal, fitar da iska daga layin mai, sauya robar famfon da ke sanyaya inji, ɗinke filafilin da ya yage, duk a wuyanka suke.

In kuwa ka riga ka sayi babban jirgin, tuntuɓi kamfanin inshora tukuna. Da yawansu sai sun ga tarihin tafiye-tafiyenka, wasu ma kan gindaya sharaɗin ka ɗauki ƙwararren kyaftin ya raka ka tafiye-tafiyen farko kafin su amince ka fita kai kaɗai.