Hadari da Haɗari: Laccar Wani Tsohon Matuƙin Jirgi a Kaduna

An rubuto wannan ne daga faifan laccar da wani tsohon matuƙin jirgin sama ya gabatar a Kaduna, gaban ɗalibai da iyayensu. Maimaici kawai aka rage.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayena malamai, ƙannena da 'ya'yana ɗalibai, barkanmu da yamma.

Zan fara da abin da kowa a ɗakin nan ya sani. Farkon damina ko ƙarshenta, kana zaune ƙofar gida a Tudun Wada ko Rigasa, zafi ya ishe ka, ko ganye ba ya motsi. Sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin ɗigon ruwa ɗaya ya sauka, sai iska mai sanyi ta taso da ƙura da ledoji, mata na gudun kwashe shanya, kwanon rufi na ƙara. Wannan iskar daga cikin gajimare ta zubo, daga sama zuwa ƙasa. Ku ɗauka an juye bokitin ruwa a kan siminti: ya doki ƙasa, ya watsu ta kowace fuska. Wani lokaci zubowar takan zo da ƙarfi sosai a ɗan ƙaramin wuri, faɗinsa bai kai kilomita 4 ba, kuma cikin minti 5 zuwa 15 ta gama ta wuce. Turawa na ce mata maikurobas. Juyawar iska ta farat ɗaya da take haddasawa kuma mu matuƙa muna ce mata winshiya.

Abin da ke ɗauke da jirgi a sama shi ne iskar da ke bi ta kan fukafukansa. Shi ya sa muke fuskantar iska in za mu tashi ko za mu sauka. To ga jirgi ya nufo titin sauka, ya yi ƙasa-ƙasa, ya rage gudu, sai ya shiga wannan ruwan bokitin da na ce muku. Da farko iskar ta gaba za ta tare shi. Ma'aunin gudu ya hau, jirgi ya ɗaga sama da inda ya kamata. Hannun matuƙi da kansa zai so ya rage wuta. Nan yaudarar take. Daƙiƙa kaɗan sai ya iso tsakiya, inda iska ke danna shi ƙasa. Yana wuce nan kuma iskar ta koma bayansa, gudun da aka ba shi aro a karɓe har da riba. Ga inji a rage, ga ƙasa kusa.

Ranar 2 ga Agusta 1985, da misalin ƙarfe 6 na yamma, jirgin kamfanin Delta mai lamba 191, ƙirar Lockheed TriStar, ya taso daga Fulorida yana shirin sauka a filin jirgi na Dalas a Amurka, da mutum 163 a ciki. Kyaftin ɗinsa, Edward Connors, tsohon hannu ne, an san shi da taka-tsantsan, don ko a kan hanya ranar sai da ya kauce wa wani hadarin. Akwai ɗan gajimare a kan hanyar titi. Jirage biyu da ke gabansu sun bi ta wurin sun sauka lafiya. Mataimakinsa, wanda tuƙi ke hannunsa, ya ce ga walƙiya na fita daga gajimaren can. Suka ci gaba.

An ji komai a baƙin akwati, na'urar da ke naɗar maganar matuƙa da bayanan jirgi. Da ma'aunin gudu ya hau daga kusan 150 zuwa sama da 170, kyaftin ya gane. Ya ce wa mataimakin nasa, ka lura, yanzu za ka rasa shi gaba ɗaya. Bai rufe baki ba ya ce, ga shi nan. Sai ya shiga cewa ƙara wuta, ƙara ta sosai. Jirgin ya taɓa ƙasa a wani fili kafin titi, ya tsallaka babbar hanyar mota ya buge wata mota, ya je ya doki tankunan ruwa na filin jirgin. Mutum 137 suka rasu, har da mutumin da ke cikin motarsa. Yawancin waɗanda suka rayu na can baya ne, wajen wutsiya.

Ina so ku riƙe wannan: kyaftin ɗin ya san abin da ke faruwa, har ya faɗa kafin ya faru. Saninsa bai cece su ba, domin sun riga sun shiga.

Ba shi ne na farko ba. A 1975 jirgin Eastern ya faɗi a Niyok, mutum 113 suka rasu. A 1982 na Pan Am ya faɗi yana tashi daga Niyu Olins, mutum 153. Wanda ya fara gano abin wani masani ne ɗan Japan, Ted Fujita, na Jami'ar Shikago. Yana saurayi a 1945 ya je ya duba ɓarnar bam ɗin da aka jefa a Nagasaki, ya ga yadda abubuwa suka kwanta a warwatse daga tsakiya ɗaya. Bayan shekaru ya ga irin wannan kwanciyar a dazukan Amurka bayan hadari, ya ce wani abu ne ya faɗo daga sama ya fashe. Masana da yawa sun ƙi yarda da shi, sai da na'urori suka tabbatar. Bayan haɗarin Dalas ne Amurka ta tilasta sa na'urar gargaɗin winshiya a jiragen fasinja, aka kafa radar ta musamman a manyan filaye, aka canja horon matuƙa baki ɗaya.

Horon nan shi ne abin da duk matuƙin da ya yi zamani da ni yake tunawa. Akwai ɗakin kwaikwayon tuƙi, simuleta, wanda muke shiga lokaci-lokaci a sake gwada mu. An ɗauko iskar ranar daga bayanan baƙin akwatin jirgin Dalas aka zuba a kwamfuta. Malami zai zauna bayanka bai ce maka komai ba, ya danna maɓalli. Karo na farko da aka yi mini, na faɗi. Na san ɗaki ne a kan ƙafafun ƙarfe, amma da na fito rigata ta jiƙe sharkaf. Malamin ya ce in koma. Ka'idar gajeriya ce: ka ba inji wuta duka, ka ɗaga hanci zuwa wajen digiri 15, ka daidaita fukafukai, kada ka taɓa taya ko wani abu har sai ka fita. In sandar tuƙi ta fara karkarwa a hannunka, jirgi na gaya maka fiffike ya kusa daina ɗauka, sai ka ɗan sassauta.

Yanzu mu dawo gida, don na ga fuskokin wasu dattawa, na san abin da suke jira.

Lahadi, 29 ga Oktoba 2006. Jirgin ADC mai lamba 053, ƙirar Boeing 737, zai tashi daga Abuja zuwa Sakkwato da mutum 105. Ƙarshen damina ne, hadari ya haɗo, iska na ƙaruwa. Hasumiyar da ke kula da tashi da saukar jirage ta sanar da su. Matuƙin wani jirgin da ke wurin ya ce shi zai jira yanayi ya gyaru. Na ADC ya tashi. Bai yi minti biyu a sama ba ya faɗo cikin gonaki wajen Tungar Madaki. Mutum 96 suka rasu. A cikinsu akwai Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, da ɗansa Sanata Badamasi Macciɗo, da Sanata Sule Yari Gandi. Allah ya jiƙansu da rahama, ya gafarta wa kowa da ke cikin jirgin, har da matuƙan.

Rahoton hukumar binciken haɗurra ya faɗi abu biyu: shawarar tashi cikin yanayin da aka san ba shi da kyau, da rashin bin ka'idar fita daga winshiya. An ja hancin jirgin sama har digiri 30 zuwa 35, fiffike ya daina ɗauka, iskar da ke shiga injina ta rikice. Ba na faɗin wannan don in tozarta mamaci. Wallahi mutumin da ya ga ƙasa na taso masa, hannunsa sama zai ja, haka aka halicce mu. Horo ne kaɗai ke karya wannan ɗabi'ar, kuma horon sai an yi ta maimaita shi. Abin da ke ci mini rai shi ne shekara 21 ke nan bayan Dalas, an riga an rubuta darasin. Kuma kusan wata goma sha ɗaya kafin nan, 10 ga Disamba 2005, jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal cikin hadari, mutum 108, kusan 60 daga cikinsu yaran makaranta ne masu tafiya hutu gida.

In matuƙan zamaninmu suka haɗu wajen biki ko ta'aziyya aka ambaci ranar Lahadin nan, kowa zai gaya maka inda yake sa'ad da labari ya iso shi. Bayan haka sai a yi shiru. Dalilin shirun, kowannenmu yana da tasa ranar da ya tashi alhali bai kamata ya tashi ba, Allah ya rufa masa asiri.

Ni tawa ina mataimaki ne, ƙuruciya na ɗibata. Wata rana cikin watan Mayu muna gangarowa wani filin jirgi a nan Arewa, titi na gabanmu tar, ina ganinsa. Gefe guda akwai gajimare, ruwa na zuba daga cikinsa amma ba ya isa ƙasa. Kyaftin ɗina, dattijo mai ƙarancin magana, ya nuna mini ƙasa ya ce, yaro me ka gani? Na duba, sai ga ƙura ta tashi kamar zobe, tana buɗewa. Ya ce ƙara wuta, mun fasa. Na ce Kyaftin, ai ga titi. Ya ce titin ba ya zuwa ko'ina. Muka yi ta shawagi kusan rabin awa. Da muka sauka, wani babban mutum ya tsaya bakin ƙofa ya wanke mu tas, wai mun sa ya rasa ɗaurin aure. Kyaftin ya ce Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe. Daga baya muka ga rumfar masu gadi a kife can gefen titi. A raina ranar na ɗan goyi bayan babban mutumin, kuma har yau ina jin nauyin haka.

Wani zai ce ai kwana ne ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara, duk wanda ya rasu a jiragen nan lokacinsa ne ya yi. Amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma ɗaurin raƙumin matuƙi shi ne ya iya buɗe baki ya ce zan jira. Kalmar tana da nauyi. Kamfani na lissafin mai, manya na duba agogo, wani jirgin ya tashi a gabanka lafiya. Ku ɗalibai masu burin zuwa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, za a koya muku lissafin iska da karanta rahoton hukumar hasashen yanayi ta NiMet, za ku iya. Faɗin kalmar nan gaban wanda ya girme ku, shi ne sai kun yi da gaske.

Ku kuma iyayena masu hawa jirgi, ina da roƙo. Ranar da kuka ji an ce an jinkirta tashi saboda yanayi, ku leƙa ta taga ku ga rana tana haske, kada ku ce ƙarya ake yi muku. Abin yana iya kasancewa can ƙarshen titi, faɗinsa bai wuce daga Kasuwar Barci zuwa Kasuwar Gumi ba. Ku bar yarinyar da ke kantar karɓar fasinja ta sha iska, ba ita ta yanke shawarar ba.

Shugaban taro yana nuna mini agogo, magariba ta gabato. Akwai wata ɗaliba can baya da ta daɗe da ɗaga hannu. A miƙa mata abin magana. Bismillah 'yata, ina jin ki.