Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi a Zaman Horar da Matasan Marubuta a Gusau

Assalamu alaikum. Mai Girma Kwamishina, iyayenmu sarakuna, malamai da ɗalibai, a madadin marubutan wannan gari ina yi muku lale marhabin. Ranka ya daɗe, mun san yawan hidimomin da ke gabanku, shi ya sa zuwanku da ƙafarku, ba aike ba, ya faranta mana rai ƙwarai.

Mun keɓe zaman yau domin nazarin rayuwar Helon Habila, ɗan Arewa da aka haifa a Kaltungo ta Jihar Gombe a 1967. Ya karanta Turanci a Jami'ar Jos, ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, sannan ya koma Legas aikin jarida. A 2001 ya ci gasar Caine ta gajerun labarai, da labarin da ya fito daga littafin da shi da kansa ya ɗauki nauyin bugawa, wanda hakan darasi ne ga yaranmu masu jiran sai wani kamfani ya neme su. Tun 2007 yake koyar da ƙagaggen rubutu a Jami'ar George Mason ta Amurka, kuma wannan ɓangaren ne ya fi jan hankalinmu, domin ya tabbatar da cewa rubutu sana'a ce da ake koyonta a gaban malami, ana yi ana gyarawa.

Da aka sace 'yan matan Chibok, bai tsaya daga nesa ba, ya tafi garin ya saurari iyaye da waɗanda suka kuɓuta, ya fitar da littafi a 2016. Mu ma nan Zamfara mun ga abin da ya faru a Jangebe a 2021, kuma a ganinmu 'ya'yan da suka tashi cikin wannan hali su suka fi cancanta su rubuta shi, da Hausarsu, kafin baƙo ya rubuta musu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙon ma'aikatarku ta farfaɗo da ƙungiyoyin rubutu a makarantun sakandare, ta horar da malaman Hausa a kan koyar da ƙagaggen labari, ta kuma wadata ɗakunan karatu da littattafai. Allah ya ƙara girma, ya mai da ku gida lafiya.