Darasi: Juya Bayansa Kafin Ka Biya Kuɗi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga nan Birnin Kebbi nake magana. In kun ji ƙarar janareto ku yi haƙuri, na maƙwabta ne. Ɗan ƙanwata ke riƙe da waya yau, to in hoto ya yi rawa kun san mai laifi.

— Kawu, ai ko motsi ban yi ba.

To madalla, matso da ita kan tebur.

Guda uku ne gabana, duka mutum-mutumi masu rikiɗa, irin wanda za ka lanƙwasa nan ka murɗa can, mota ta miƙe tsaye ta zama mutum. Ana yawan ce min, babban mutum da furfura, mi ya haɗa ka da wasan yara? Duk wanda ya taɓa zama gindin bango yana haɗa motar kara ko ta langa-langa, yana yanka tsohon silifas ya yi taya, ya san daɗin ganin dabarar wani. Dabarar nake tarawa.

Mu fara da wanga ja mai shuɗin ƙafa, Optimus Prime. Nawa ba bugun farko ba ne, sake fitowa da shi anka yi, amma ƙirar ita ce ta asali. Kamfanin Takara na Japan ya ƙera shi cikin wani jerin kayan wasa mai suna Diaclone, wanda anka fara a 1980. Sai kamfanin Hasbro na Amurka ya ɗauko su, ya gwama da wani jerin na Takara, Micro Change, ya raɗa musu suna Transformers a 1984. Shi ya sa girmansu bai jituwa: wanga kan tirela ne, wani mai suna Soundwave rikoda ce ta kaset, wani kuwa, Megatron, ƙaramar bindiga, amma duk tsayinsu kusan ɗaya. Da ma ba ɗaki ɗaya sunka fito ba.

Ku duba hannuna. Bayan motar nan, inda tayoyin baya suke, na saukar da shi ƙasa, ya zama ƙafafu. Gefe da gefe na jawo, ga hannuwa sun fito, fitilun mota na bakinsu. Kai kuma yana ɓoye nan sama, na tayar da shi. Shi ke nan fa, ko minti ɗaya ba a yi ba. Yanzu ku kalli ƙirjinsa: gilashin gaban motar ne da kansa. Cikinsa, ragar gaban mota ce. Ba a ɓoye komai ba, ba a ƙara komai ba. Ƙirjin ma yana buɗewa, akwai wurin zama ciki, domin a zamanin Diaclone 'yan ƙananan direbobi ake sakawa. Ɗauke shi ka ji, yaro.

— Kai, Kawu, da nauyi! Kuma da sanyi.

Ƙarfen zubi ne, tayoyin kuma roba ce mai laushi irin ta taya. Amma kada in yi masa yabon ɗan kuturu. Ƙafafunsa ba su buɗewa gefe, tsaye yake ƙiƙam kamar soja a fareti. Babban aibinsa kuma dunƙulen hannunsa: daban suke, cusa su ake yi cikin ramin fitila. Ga su nan, ko ƙwayar gyaɗa ta kusa fin su. Duk abin da sai ka cire ka ajiye gefe, to wata rana zai ɓace, shi ya sa in ka ci sa'a ka gamu da irinsa cikin gwanjo, galibi dungu za ka same shi.

Na biyu, wagga mota ta zamani. Na riga na mayar da shi mutum don kada mu ɓata lokaci. In ka kalle shi ta gaba, kai ka ce ya fi kowa. Yana durƙusawa, yana ɗaga hannu, yana karkata wuya, saboda gaɓoɓinsa masu dunƙulallen kai ne da ke juyawa cikin gurbi, irin waɗanda anka yawaita tun jerin Beast Wars na 1996. To amma darasin yau ke nan: juya bayansa. Kun gani? Rufin mota, ƙofofi, gilashin baya, duk an naɗe an ɗora masa kamar ɗan dako ya ɗauko kayan tashi. Motar ba ta zama mutum ba, mutumin ne ya ɓuya cikin ƙoƙon mota kamar kunkuru. Abin da ya fi ba ni haushi ma ƙirjin nan. Kuna ganin kamar bonet ne, ko? Na bogi ne, an zana shi don kyau, bonet na gaskiya ga shi nan maƙale a baya. A wurina wanga ha'inci ne. Na san masu ajiya cikin gilashi ba su damu ba, tunda gaba kawai suke kallo, kuma ba na faɗa da su. Ni dai in zan saya, tambayata ɗaya: ina tayoyin sunka tafi, ina ƙofofin sunka shiga? In ƙofa ta zama fiffike ko damtse, taya ta shige cikin ƙwauri, to mai ƙirar ya yi tunani, ya ci kuɗinsa.

Akwai na manya zalla, jerin Masterpiece da Takara ta fara a 2003. Suna da kyau matuƙa, da tsada kuma. Sai dai wasunsu sai ka share rabin sa'a da takarda a hannu kana zufa. Wanda ya wahalar da kai haka, sau ɗaya za ka rikiɗa shi, ya koma gunki.

Na uku jabu ne, daga tulin kayan gwanjo na tsinto shi. Robar sirara ce, tana ƙyalli, gefenta da kaifi inda ba a goge ba, kuma tana wari. Na gaske za ka ga an buga sunan kamfani da shekara jikin roba, sau da yawa a ƙafa ko ƙarƙashin mota: Hasbro, Takara, ko Tomy, domin Takara da Tomy sun haɗe a 2006. A 1985 an fara manna wata baƙar sitika da in ka murza da yatsa, ɗumin hannunka zai fito da tambari, don a bambance na gaske. Yau masu jabu ma suna yin ta, kada ka dogara da ita. Ba na hana sayen jabu don yaro ya yi wasa, ku dai biya kuɗin jabu.

Sai ajiya, wadda mu nan ta fi shafa. Watan Afrilu zafinmu na wuce digiri 40. Farar roba in rana da zafi sun dake ta, rawaya take komawa, tayoyi su tsattsage. Kada ka bar shi cikin mota ko bakin taga. Ƙurar hunturu kuwa buroshi mai laushi ya ishe ta. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da maganin goge jan farce, cin roba yake. In gaɓa ta saki, zare ta, ka shafa jan farce marar launi kaɗan a kan dunƙulen, ka bari ya bushe sarai sannan ka mayar. Sufa-gulu kashe gaɓar zai yi.

Kuma kada ka sa ƙarfi. Akwai wata roba mai ruwan zinari da anka yi amfani da ita ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, wadda tsufa ke sa ta gautsi. Na taɓa samun ɗaya, ina ta murna, na ce bari in ɗaga hannunsa kawai. Ɓaras! Kafaɗar ta marmashe min a tafi kamar ƙuli-ƙuli. Kwana biyu ina jin zafin abin.

Wani ya tambaye ni Megatron na farko. Wancan bindiga yake komawa, samfurin Walther P38, kuma ya yi kama da bindigar gaske ƙwarai. Da halin tsaron da muke ciki, da shingaye a hanya, ban ba kowa shawarar ya sa shi cikin jaka ba. Nemi wanda ke zama tankar yaƙi.

To yaro, ba ni wayar, zo ka mayar da jan nan mota mu gani. Fara cire dunƙulen hannun. A hankali, a hankali... ka ga ni ko? Ya faɗi. Duba ƙarƙashin tebur, wajen ƙafar kujera, kafin ƙanenka ya rarrafo ya kai baki.