Keke a ƙasar kuza: abin da ya sa kilomita 40 ta Jos ta fi ta Kano wahala

Akwai titin da ya fita daga Jos ya nufi kudu ta Bukuru, kuma duk wanda ya hango shi daga sama zai rantse shimfiɗaɗɗe ne. Tambayar da ta yi ta yawo tsakanin masu hawa keken tsere ita ce, ta yaya mutum zai tashi daga ƙofar masaukinsa, ya yi zagaye, ya dawo daidai inda ya tashi, sannan manhajar da ke wayarsa, Strava ko makamanciyarta, ta nuna masa cewa ya hau mita 600? Wasu sun ce manhajar ce ta rikice, wasu kuma sun ce ai tsayin garin ne ta lissafa. Duka biyun ba haka ba ne, kuma wanda bai gane wannan lissafi ba, ƙafarsa ce za ta fahimtar da shi a tsakiyar hanya.

Bari mu fara duba ƙasar kanta a gurguje. Jos tana zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga saman teku, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba, duwatsun Shere kuwa da ke gabashin gari sun haura mita 1,800. Tun kafin zuwan Turawa ana narka kuza a wannan yanki, amma a farkon ƙarni na 20 ne kamfanonin Ingila suka shigo da aikin gadan-gadan, har aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya iso a 1914, aka rufe shi a 1957. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa aka sa su aikin tilas a ramukan nan, kuma sanyin tudun da yunwa sun hallaka da dama daga cikinsu. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni suka watse, suka bar abin da ake gani a yankin yanzu: tafkuna masu zurfi, tulin jan ƙasa da ruwan sama ya zaizaye, da layukan itatuwan turare da aka dasa domin a rufe tabon. Tafkin shaƙatawa na Rayfield ma tsohon ramin kuza ne.

Abin da ya shafi mai keke a wannan tarihi shi ne inda kuzar take. A cikin tsakuwar rafuka da tsofaffin magudanan ruwa ake samunta, da ruwa kuma ake wanke ta, saboda haka barikokin lebura suka kafu a kusa da kwaruruka, hanyoyin da suka haɗa su kuma sai sun gangara kowane rafi, su tsallake gada, su sake hawowa.

Ku hasko hoton hanyar idan aka kalle ta daga gefe, tana hawa tana sauka. Manhajar ba ruwanta da bambancin tsayi tsakanin mafari da maƙarshe, domin a zagaye wannan bambanci sifili ne. Abin da take yi shi ne, duk lokacin da taya ta yi hawa, sai ta rubuta ta ajiye, idan kuma an gangara ba ta cire komai daga abin da ta tara. A ce hanyar tana da kwari 20, kowanne kuma sai an hau mita 30 kafin a fita daga cikinsa: ga mita 600 nan sun cika, ba tare da mutum ya ga wani dutse guda da zai nuna da yatsa ya ce shi ne ya wahalar da shi ba. Tamkar mai hawa matakalar bene hawa ɗaya ne yana saukowa har sau 200. A ƙasa ya fara, a ƙasa ya gama, amma babu mai ce masa bai yi aiki ba.

A nan ne akasarin mutane suke kawo hujjar da ta fi kowace daɗin ji, wato cewa abin da hawa ya ci, gangara za ta biya. Mu sa lamba mu gani. Ɗauki hawa mai tsawon kilomita 5, mai keke yana tafiyar kilomita 10 a awa: minti 30 ke nan. Ya juyo ya gangaro wannan kilomita 5 ɗin da gudun kilomita 40 a awa, sai ya ci minti 7 da rabi. Ido zai ce matsakaicin 10 da 40 ai 25 ne, amma agogo ya ce an yi kilomita 10 cikin minti 37 da rabi, wanda ya kama kilomita 16 kacal a awa. Da a shimfiɗaɗɗen titi ne, da gudun 25 ɗin, cikin minti 24 zai gama. Dalilin kuwa shi ne, mutum yana daɗewa a inda yake tafiya a hankali, ya wuce inda yake gudu cikin ƙiftawar ido, ga shi kuma iska tana ƙara tokare ƙirji yayin da gudu ya ƙaru, wani ɓangare na ƙarfin da aka tara a hawa kuma birki ne yake cinye shi a kwana. Don haka wanda ya saba gama kilomita 40 a wajen Kano kafin rana ta yi zafi, idan ya zo nan da gorar ruwa ɗaya da wannan lissafin a kansa, azahar za ta same shi a bakin titi yana tambayar inda ake sayar da burodi.

Akwai masu ɗora laifin a kan ƙarancin iska saboda tsayin wurin. Gaskiya ne iskar Jos ta fi ta bakin teku sauƙi, kuma baƙo zai iya jin numfashinsa ya ɗan yi sama a ranar farko, amma a ganina an cika zuzuta wannan. Mita 1,200 ba tsayin da zai durƙusar da lafiyayyen mutum ba ne, ƙananan hawan da ba a ƙirga ba su ne suke yin ɓarnar.

Yanzu bari mu duba hanyoyin da za a iya bi. Daga Bukuru akwai hanyar Vom, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take, hanya ce mai ratsa gonakin dankalin Turawa da shingayen ƙerana. Daga Mararrabar Jama'a kuma hanya ta rabu, ɗaya ta bi ta Heipang, inda filin jirgin sama yake, zuwa Barikin Ladi da Mangu da Pankshin, ɗaya ta nufi Riyom da duwatsunta da ke ɗore a kan juna. A sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin hawa ya kama ƙafa, domin sarƙa ba ta son a matsa mata alhali ana danna feda da ƙarfi. A sa hular kwano, a ɗauki famfo da kayan faci, a tafi cikin ayari, a kuma tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki kafin a fita, saboda yankunan Riyom da Barikin Ladi sun sha fama da tashin hankali. Tafkunan nan kuwa, komai kyansu a hoto, gefensu a tsaye yake kuma suna cin mutane. A tsaya daga nesa.

Hawan Kibo, a kan hanyar da ta nufi Akwanga, shi ne ya fita daban da duk abin da muka faɗa, domin a can tudun Filato yake ƙarewa, titi ya yi ta gangara da kwana-kwana har zuwa wajen magangarar ruwan Assop, manyan motoci kuma sun sha tsinkewar birki a wurin. Wanda ya taso daga Jos da gangarar zai fara, yana da ƙarfinsa, hawan kuma yana jiran sa a dawowa bayan ruwansa ya ƙare. Sabon mahayi ya juya tun daga Riyom, ko kuwa ya shirya motar da za ta ɗauko shi daga ƙasa.