Riba ce, ko dai kuɗin ne suka kumbura?

Nafisa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma ina tare da Malam Auwalu, akantanmu, da Hajiya Rabi, wadda tun ban san naira ba take juya ta. Malam, ga tambayar yau: mutum ya zuba naira miliyan 1 a hannun jari a farkon 2024, ƙarshen shekara ya tarar da 1,376,500. Ya ci riba ko bai ci ba?

Hajiya Rabi: Wannan ma tambaya ce, 'yata? Ya sa ɗaya, ya ɗauki ɗaya da ɗoriya.

Malam Auwalu: Ranki ya daɗe, a takarda dai ya ci. Ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, ya tashi da kashi 37.65 cikin ɗari a 2024. Sai dai a Disambar shekarar, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80. Ke nan kayan da miliyan 1 ke saya a ƙarshen 2023, a ƙarshen 2024 sai an lale 1,348,000. Abin da ya saura masa na haƙiƙa naira 28,500 ne, kashi 2 da 'yan kai.

Hajiya Rabi: Kai, Malam! Duk wannan murnar a kan kashi 2?

Malam Auwalu: Ban dai sa rabon ribar da kamfanoni ke biyan masu hannun jari ba, don wannan ma'aunin farashi kawai yake bi. Idan ya karɓa, a haɗa masa. A kuma cire la'adar dillali ta saye da ta sayarwa.

Nafisa: To idan ɗan kasuwa ne mai shigo da kaya fa?

Malam Auwalu: Nan ne abin ya fi ciwo. Ƙarshen 2023 dala tana wajen naira 900 a farashin hukuma, ƙarshen 2024 ta haura 1,500. Miliyan ɗinsa ta farko dala 1,100 ce, kuɗin da ya tashi da su kuwa ba su cika dala 900 ba. Ga mai sayo kaya daga Dubai ko Chaina, faɗuwa ya yi.

Hajiya Rabi: Ni nan ban yarda ba. Mai cin tuwo a Kano, mai biyan kuɗin makaranta da naira, ina ruwansa da dala?

Malam Auwalu: Gaskiyarki, Hajiya. Kowa ya auna da abin da zai kashe kuɗin a kai. Shi farashin hatsi da haya ne ma'auninsa, mai niyyar Hajji kuwa dole ya kalli dala.

Hajiya Rabi: Yauwa. To bari in kawo fili, don mu shi muka sani. An saya miliyan 2, an sayar miliyan 4. Ka ce mini wannan ma ba riba ba ce.

Malam Auwalu: A shekara nawa?

Hajiya Rabi: Mu ce 10.

Malam Auwalu: Akwai wani lissafin kai da masu harkar kuɗi ke yi: a raba 72 da yawan shekarun da kuɗi suka ɗauka kafin su ninka. 72 a raba 10, kashi 7 ke nan da ɗan ɗori kowace shekara. Tun 2016 kuwa hauhawar farashi a ƙasar nan ba ta sauko ƙasa da kashi 10 ba. Da a shekara 3 ya ninka, kashi 24 ne, magana ta canza. Kuma ba mu cire kuɗin katanga, da na takardu, da na dillali ba.

Nafisa: Masu gudun kuɗin ruwa da yawa sun shiga sukuk, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci. Shi fa?

Malam Auwalu: Na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, kashi 16.47 yake biya a shekara, tsawon shekara 7. Mai miliyan 1 yana karɓar 164,700 duk shekara, ba fashi. Daga 2018 zuwa 2020 yana gaban hauhawar farashi, amma a shekarun ƙarshe ta wuce shi nesa. Da aka mayar masa da uwar kuɗinsa a 2024, sunan miliyan ne, ƙarfin ba na da ba ne.

Hajiya Rabi: Amma ya yi barci da minshari, ba kamar mai hannun jari ba.

Malam Auwalu: Shi ma abin sawa ne a sikeli. Hannun jari idan ya hau da kashi 50 bana, ya faɗi da kashi 50 baɗi, mutane sai su ce an yi canjaras. Ina! 100 ta zama 150, rabinta 75. Rubu'in jarin ya tafi.

Nafisa: Ni abin da ke ruɗa ni, a manhajar zuba jari ta wayata kullum kuɗin gaba suke yi, alhali duk wata ina ƙara zubi.

Malam Auwalu: Zubinki ba riba ba ne, Nafisa. Rubuta kowane zubi da ranarsa, ki cire jimlarsu daga abin da ke ciki yanzu. Ki kuma tuna na Nuwamba bai yi aikin da na Janairu ya yi ba.

Hajiya Rabi: To, mako mai zuwa zan zo da littafin adashina, ka auna mini shi.

Malam Auwalu: Adashi, Hajiya, mai kwasar farko da mai kwasar ƙarshe ba lissafinsu ɗaya ba. Ki zo da shi.

Nafisa: Sai ku tara mu a lokacin. A huta lafiya.