Amai da gudawa ta shigo ƙauye: ina ikon hukuma ya tsaya?

A ce damina ta yi nisa, ruwan kogin Haɗeja ya shanye rijiyoyin wani ƙauye a Auyo, amai da gudawa ta ɓulla. Hukuma ta rufe rijiya, ta hana cin kasuwa, ta ce a killace marasa lafiya. Tana da hurumin yin haka?

Tana da shi. Sashe na 35 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya yarda a tsare mai cuta mai yaɗuwa don a yi masa magani ko a kare jama'a. Sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita taro da zirga-zirga saboda lafiyar al'umma.

Sai dai wanda ya rufe rijiya, shi zai kawo ruwa. Killacewa ba ɗauri ba ce. Wanda aka keɓe yana bin hukuma bashin abinci, ruwa mai tsafta, gishirin ORS (haɗin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki) da ƙarin ruwa, kuma a gaya masa dalili da ranar sallama. A nan aiki ya fi lalacewa. Idan aka tara mutane a ajin firamare babu masai, babu sinadarin kulorin, wurin ya koma matattarar cutar. Labari ya bazu, sai dangi su riƙa ɓoye mara lafiya a ɗaka, alhali wannan cuta tana iya ƙarar da ruwan jikin babba cikin sa'o'i.

Duka da tsallen kwaɗo fa? Sashe na 34 ya hana azabtarwa da wulaƙanci, kuma ba ya cikin sassan da annoba ke sassautawa. A makonni biyun farko na kullen korona a 2020, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ƙirga mutum 18 da jami'an tsaro suka kashe.

Batun “sai an biya kuɗin kati” kuwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Hukuncin tarar naira 100,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Dokar ce kuma ta wajabta rufe sirrin mara lafiya, don haka ba a shelar sunansa a masallaci ko ƙofar mai unguwa.

Da zarar kun ga babba yana zawo kamar ruwan shinkafa, ku fara ba shi ORS, ƙunshi 1 a lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, ku garzaya asibiti mafi kusa. Ku sanar da dagaci, ko ku kira hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, a 6232, kyauta ne.