Yadda ake zana taswirar ramukan ruftawa a ƙasar jibsam: lacca kan garin Ripon

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla.

Matakai uku zan kawo, amma bari mu fara sanin dutsen tukuna. Jibsam dai kun san shi, shi ne ake gasawa a yi POP na silin, ana kuma zuba kaɗan a siminti don kada ya yi saurin kamawa. Ruwa lita ɗaya yana narkar da kusan giram 2.4 nasa, kuma a ruwa mai gudu yana narkewa kusan ninki ɗari fiye da dutsen farar ƙasa. Kogon da zai ɗauki dubban shekaru a farar ƙasa, a jibsam mutum ɗaya zai iya ganin somawarsa da ruftawarsa. A gefen kogin Ure, arewa da Ripon, wani ɓallin jibsam mai kimanin mita 3 kowane gefe ya faɗa ruwa, cikin wata 18 aka neme shi aka rasa.

Ripon ɗin nan ƙaramin birni ne a Arewacin Yorkshire, Ingila. A ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar jibsam guda biyu, ta ƙasa kaurinta yakan kai mita 40, ta sama kimanin mita 10. Ruwan sama yana shiga ƙasa a tudun yamma, ya bi ta cikin jibsam ɗin, ya fito a kwarin Ure ɗauke da abin da ya ci. Kogo ya yi faɗi, rufinsa ya zube, gurbin ya hau sama, ya sake zubewa, har ranar da ya huda doron ƙasa. Anthony Cooper na hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya ya daɗe yana aiki a kan wannan yanki.

Mataki na farko, kuma wallahi shi ne rabin aikin: tattara tarihin kowane rami. Ba na yau kaɗai ba, kowane. Matasa suna son na'ura, kowa so yake a ba shi jirgi maras matuƙi ya ɗaga. To ajiye jirgin, je ka ɗakin adana takardu. Ingila tana da taswirori dalla-dalla tun tsakiyar ƙarni na 19. Sai ka ɗora tsohuwa a kan sabuwa. A tsohuwar ka ga ɗan tafki zagayayye a tsakiyar gona, babu rafi mai shiga, babu mai fita. A ta bayanta babu shi. A ta yau, gida ne a wurin. Ina tafkin ya tafi? Cike shi aka yi. Manomi ba ya son rami a gonarsa, sai ya zuba ɓaraguzai da shara, ya yi huɗa a kai. Ramin da ke buɗe kowa ya gan shi zai kauce. Wanda aka cike shi ne mugun, domin bututun zubabben dutsen da ke ƙarƙashinsa yana nan, ruwa kuma yana ci gaba da bi ta cikinsa.

Ku dubi Ure Bank Terrace, wani layin gidaje a Ripon. A Afrilun 1997 rami mai faɗin kusan mita 10, zurfin mita 5 da rabi, ya buɗe ya haɗiye garejin motoci. Wurin ya taɓa ruftawa a baya an cike. Ka ga kenan ba sabon rami ba ne, tsohon ne ya farka. Shi ya sa nake ta nanatawa: ciko ba magani ba ne. Kuma a rubuta shekara! Rami babu shekara, rabin bayani ne. Na 1834 kusa da inda aka yi tsohuwar tashar jirgin ƙasa, an san shekararsa, an san faɗinsa ya kai kusan mita 14. Idan ka tara irin waɗannan za ka iya cewa sau nawa abin yake faruwa. A Ripon, a shekarun 1980 da 1990, kusan duk shekara biyu zuwa uku sai an samu babba. A 2014 wani gida ya tsage har aka rushe shi, a Nuwamban 2016 kuma wani ramin ya cinye bayan gidaje aka kwashe mutane da dare.

Sai dai a kula, ba kowane kwari ne ruftawa ba. Akwai tsofaffin ramukan da mutane suka haƙa don ɗibar yashi ko laka, akwai waɗanda ƙanƙarar zamanin da ta bari. Ramin haƙa yakan zo da hanyar amalanke a gefe ɗaya da tulin ƙasa a kusa. Na ruftawa babu tuli, ƙasar ciki ta tafi ƙasa. Idan ka zuba ɗigo-ɗigon a taswira kuma, na gaskiyan sukan jeru a layi, suna bin tsagar dutse, mahaɗar tsaga biyu ita ce ta fi haɗari.

Na biyu... a'a, hotunan jirgin sama ai cikin na farko suke, a nemi waɗanda aka ɗauka da rana ta yi ƙasa, inuwa tana fito da kwari. To na biyun shi ne na'urori, lokaci ya tafi. Awon leza daga jirgi yana ratsa tsakanin bishiyoyi ya nuna loɓawar da ido ba ya gani. Rada daga tauraron ɗan'adam tana kama nutsewar milimitoci, amma ruftawar farat ɗaya takan wuce ta. Radar da ake turawa a ƙasa, a yumɓu mai danshi ba ta zurfi, kada a ɓata kuɗi. Gwajin wutar lantarki a cikin ƙasa da awon nauyin ƙasa sun fi amfani, amma duk sai an tabbatar da haƙa. Ƙarshe a raba gari shiyya-shiyya. A Ripon uku ne: inda babu jibsam, inda yake da zurfi, da inda yake kusa kuma ruwa na cinsa. A ta ukun ba a ba da izinin gini sai ƙwararre ya sa hannu a rahoton ƙasa.

(Wata ɗaliba ta ɗaga hannu: Malam, mu ma muna da jibsam a Fika da Nafada da wajen Sakkwato. Haka zai faru?)

Tambaya mai kyau, 'yata. Wancan jibsam ɗin siraran jijiyoyi ne a cikin laka, ba shimfiɗa mai kaurin mita 40 ba, babu inda babban kogo zai samu wuri. Haɗarin can na ramukan masu haƙa ne da aka bari ba a rufe da kyau ba, su ma taswira suke buƙata da shekara. Amma kin tuna min abin da na tsallake, wato ruwa. A ƙasar jibsam mai kauri ba a yin sokawe kusa da gini, ana sa bututu mai lanƙwasa wanda ba zai karye ba idan ƙasa ta motsa, kuma duk ramin bincike da aka huda sai an toshe shi tun daga ƙasa da siminti mai jure gishirin jibsam, in ba haka ba kai da hannunka ka buɗe wa ruwa hanya. Madatsar Mosul a Iraƙi a kan jibsam aka gina ta, tun shekarun 1980 ake ɗura mata siminti a gindi ba a daina ba. Shugaban zama yana nuna min agogo. Saura tambaya ɗaya, wa ke da ita?